Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Sharhi Kan Harshen da Ake Shirya Wa Annoba da Shi

A daminar 2021, lokacin da cutar amai da zawo ta sake shigowa jihar Maraɗi, ina gida hutu a ƙauyenmu cikin gundumar Agye. Da asuba gwaggona, ƙanwar babana, ta fara zawo fari kamar ruwan wankin shinkafa. Kafin hantsi idanunta sun faɗa. Muka ɗora ta bisa amalanke muka nufi gidan likita mafi kusa. Ma'aikacin da muka tarar ba ɗan yankin ba ne, Hausarsa kaɗan ce, amma ya yi aikinsa da sauri, nan da nan ya ɗaura mata ruwa. Yana cikin rubutu a rajista sai ya ce da mai yi masa tafinta: "cas suspect". Tafintan ya juyo ya ce: "Inna, likita ya ce ana zargin ki."

Gwaggo, wadda ko magana da ƙyar take yi, ta ɗago kai ta ce: "Zargi? Ni? Mi na ɗauka ma wani?"

Bayan kwana uku ta samu sauƙi. Sai dai kalmar ta riga mu isa gida. Gwaggo ƙosai take toyawa, ta yi makonni ba mai tsayawa bakin kaskonta. Gida biyu tsakaninmu da su, wani yaro ya kamu, iyayensa suka ɓoye shi a ɗaki har dare, don kada a ce su ma ana zarginsu a zo a yi musu feshi jama'a na kallo. Lokacin da suka fito da shi, ya riga ya galabaita. Bai kwana ba. Ba zan ce kalma ɗaya ce ta kashe yaron nan ba, akwai nisa, akwai talauci, akwai rijiya marar murfi. Amma kalmar tana cikin abin da ya sa aka ja ƙofa aka rufe.

Tun daga ranar nake ta tunanin abin da zan faɗa a wannan ɗan littafi namu. Ga shi a taƙaice: duk wani tsarin tunkarar annoba yana neman abubuwa masu nauyi daga talaka, ya miƙa hannunsa a yi masa allura, ya bar kasuwa, ya bar sahu a masallaci, ya bar gawar uwarsa a hannun baƙi. Tsarin da ke neman waɗannan, alhali an rubuta shi da harshen da mai ɗaukar nauyin ba ya ji, kuma an bar fassararsa sai ranar da cuta ta iso, bai yi wa mutane adalci ba, ko da niyyar masu shi ta alheri ce.

Annoba ta san hanyar garinmu

Kada wani ya ce annoba tana zo mana ba zata. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Gidan Rumji ya ratsa Maraɗi, ya bi ta Agye da Gazawa har Tasawa, ya san muna zaune ne bakin iyaka, kasuwa ɗaya, aure ɗaya, jana'iza ɗaya da ƴan uwanmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato. Kwalarar 2018 ta fara ne a watan Yuli a gundumar Madarumfa, daga marasa lafiyar da suka tsallako daga wajen Jibiya, ta bazu har Gidan Rumji da Agye, ta kama mutum sama da 3,500 a ƙasar. Ta 2021 ta zarce ta, sama da 5,000. Sanƙarau kuwa da iskar rani yake zuwa, tsofaffi har yanzu suna ba da labarin na 1995 da 1996. Zazzaɓin cizon sauro kowace damina yana nan, shi ya sa tun 2013 aka fara rabon maganin rigakafinsa ga ƙananan yara, kuma Gidan Rumji na cikin wuraren farko. Daga 2019 dubban mutane suka gudo wa ƴan bindiga suka shigo gundumar Gidan Rumji, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Ma'ana, muna da kalandar cuta kamar yadda muke da kalandar noma. Hukuma ta sani, ƙungiyoyi sun sani, ana tanadin ruwan ɗaurawa da sinadarin kulorin da tantuna. Abin da ba a tanada shi ne magana. Ita ake bar wa wani saurayi mai ɗan karatun sakandare, ya ƙirƙiro ta a tsaye, mara lafiya na kwance gabansa.

Kalmomi huɗu

Bari in ɗauki kalmomi huɗu in duba su yadda aka koya mana a aji.

Ta farko ita ce wadda ta faɗa wa gwaggo. A Faransanci na likitoci, "suspect" ba ya ɗauke da laifi, yana nufin alamu sun nuna amma ba a tabbatar ba. A Hausa "zargi" ba ya rabuwa da laifi. Ɓarawo ake zargi, maye ake zargi, matar da aka ga ta fita da dare ake zargi. Wanda ake zargi abu biyu yake yi, ko ya musanta ko ya gudu. To mu kuwa so muke mara lafiya ya kawo kansa da wuri. Da an ce "mai alamun cutar", ko "wanda ake so a duba", da an faɗi gaskiya ɗaya ba tare da an ɗora wa kowa tuhuma ba.

Ta biyu ita ce "wayar da kai", wadda ake fassara "sensibilisation" da ita. Mun saba da ita har ba ma jin nauyinta. Amma duba gininta: daga "waye" take, kamar yadda gari ke wayewa, an sa ta a sigar sa-aiki. Akwai mai wayarwa, akwai wanda ake wayarwa. Kan ɗayan yana cikin duhu, ɗayan ya zo da fitila. A irin wannan jimla babu gurbin da tsohuwa za ta ce: "Ɗana, rijiyar da kuka ce kada a sha, ita kaɗai gare mu, ina za mu ɗebo?" Alhali wannan tambayar ta fi duk abin da ke cikin lasifikar amfani. Hausa na da "shawara", kuma shawara mutum biyu ke yin ta.

Ta uku "killacewa". Gona ake killacewa, dabbobi ake killacewa. In aka ce za a killace mutum, abin da kunne ke ji shi ne shinge da ƙaya. Ba a jin wa zai kawo masa fura, wa zai yi masa noma, yaushe zai fito. "Keɓewa don jinya" ta fi kusa da abin da ake nufi, tunda jinya a wurinmu tana tafe da kulawa.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari: "gwaji". In an ɗebi jinin yatsa don a ga ko akwai zazzaɓi, gwaji ne. In an ba yaro sabon magani don a ga ko yana aiki, shi ma gwaji ne. Na farko don amfanin yaron ake yi, na biyu don neman ilimin da zai amfani wasu, wataƙila ya amfani yaron, wataƙila ya cuce shi. "Bincike" ma haka: likita na bincike, malamin jami'a na bincike, jandarma na bincike. Uwar da aka ce mata "za mu yi wa yaronki gwaji" ta ce "to", wanne daga ciki ta yarda da shi?

"To" ba yarda ba ce

Wannan tambaya ta taɓa cin rayuka a ƙasar Hausa. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kusan 200 ne, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba da shi. Yara 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, kuma ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun amince da baki. Iyaye da yawa suka ce su dai sun kawo ƴaƴansu neman magani, ba su san gwaji ake yi ba. Daga baya aka gano takardar izinin kwamitin ɗa'a an sa mata kwanan wata na baya. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Ni abin da ya tsaya mini a wannan labari shi ne, yana yiwuwa an yi maganar da Hausa, kuma yana yiwuwa iyayen ba su gane ba. Duka biyun na iya zama gaskiya a lokaci guda. Duk Bahaushe ya san "to" tana da fuska da yawa. Akwai "to" ta yarda, akwai "to" ta na ji, akwai "to" ta kunya, akwai "to" ta ba ni da yadda zan yi. Macen da ta yi tafiyar awa biyu da yaro a goye wuyansa ya sanƙare, ga mai farar riga tsaye, ga mai gari a gefe, ba za ta ce "a'a" ba. Za ta ce "sai abin da kunka ce". Dangwalen yatsanta a ƙasan takardar Faransanci shaida ce cewa an kama yatsanta, ba shaida ba ce cewa ta fahimta. Dokokin binciken lafiya, tun daga na Nuremberg a 1947 zuwa sanarwar Helsinki ta 1964, duk a kan yarda bisa sani suka ginu. Sani kuwa da harshe ake samunsa.

Kuma bashin da aka ci a 1996 wasu yara ne suka biya. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, ba a ci gaba ba sai Yulin 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Cutar ta tsallaka ƙasashe da dama, mu da ke bakin iyaka muna cikin waɗanda suka fara ɗanɗanawa. Mu ma muna da namu tabon: a annobar 1995 an yi wa dubban ƴan Nijar allurar sanƙarau ta jabu, wadda ba ta da komai na rigakafi a ciki. Saboda haka in mai gida a Gazawa ya tsaya yana tambaya kafin ya fito da ƴaƴansa, a takarda za a rubuta "refus", wato ya ƙi. Ni ina ganin mutum ne mai tuna baya. Amsa yake buƙata, ba tsawa ba.

Kada a ɗauka maganar gwaji ta tsaya Kano. A nan maƙwabta, gundumar Madarumfa, an gwada rigakafin zawon yara mai jure zafi a kan jarirai dubbai, aka fitar da sakamako a 2017. A shekarar kuma, ana cikin annobar sanƙarau, an gwada raba ƙwayar siprofuloksasin ga ƙauye gaba ɗaya, aka ga ta rage yaɗuwar cutar. Waɗannan ayyuka sun amfani duniya, ina alfahari da cewa a ƙasarmu aka yi su. Amma suna nuna cewa za a ci gaba da zuwa neman yardarmu. Ya kamata a ce muna da kalmomin da za mu bayar da ita ko mu hana ta da idonmu buɗe.

Wa za a fara ba, wa zai ɗauki nauyi

Shirin annoba yana yanke hukunci iri biyu da ba a cika faɗa a fili ba. Na farko, in abu bai isa ba, wa za a ba? A 2015 sanƙarau nau'in C ya kama mutum sama da 8,000 a Nijar, ya kashe sama da 500. Allura ta yi ƙaranci, aka rufe makarantu a Yamai, aka fifita yara ƴan shekara 2 zuwa 15. Hukuncin yana da hujja, su cutar ta fi kamawa. Amma hujjar da ba a faɗa wa mutane ba tun kafin a ja layi, sunanta a bakin jama'a "sanayya". Uban da aka yi wa ɗansa ɗaya aka bar ɗayan don ya haura shekaru, in bai san dalili ba, zai koma gida da labarin cewa an sayar da sauran. A Gidan Rumji tambayar ta fi zafi: in magani ya yi kaɗan, ɗan gari da ɗan gudun hijira layi ɗaya za su bi? Ni ina ganin cuta ba ta duba takardar ɗan ƙasa, don haka layi ɗaya ne. Amma wannan magana ce da ya kamata a zauna a yi ta a ƙofar mai gari lokacin da kowa ke lafiya.

Duniya ma ta yi mana irin wannan rabon. Ƙasashe masu arziki sun fara allurar korona a Disambar 2020, mu sai ƙarshen Maris 2021, da kyautar da ta zo daga Sin. Yarjejeniyar annoba da ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da ita a Mayun 2025 tana ƙoƙarin gyara wannan. In muna kukan an bar mu a bayan layi, bai dace mu yi wa ƙauyukanmu abin da aka yi mana ba.

Hukunci na biyu, wa zai ɗauki nauyin matakan? An samu mutum na farko mai korona a Nijar ranar 19 ga Maris 2020. Cikin ƴan kwanaki aka hana sallar jam'i, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai, aka rufe iyakoki. An yi tarzoma a Mirya da unguwannin Yamai, sai ranar 13 ga Mayu aka sake buɗe wuraren ibada. Ba ina cewa matakin kuskure ba ne, a lokacin ba wanda ya san yadda cutar za ta kasance. Kuskuren shi ne umarni ya sauko daga sama da wani harshe, alhali addinin mutanen yana da nasa harshen a kan annoba. Kowane almajiri ya san koyarwar da ta hana shiga garin da annoba take ko fita daga cikinsa, ya san Sayyidina Umar ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba. Da malamai aka fara zama kafin sanarwa, da saƙon ya fito da muryar da aka sani. Haka nan cewa "kowa ya zauna gida" ma'anarsa daban ce ga mai albashi da ga mai tallar ƙosai. Wanda ya hana mutum nema, ciyar da shi ya hau kansa.

Afirka ta Yamma ta koyi wannan darasi da jini lokacin Ebola. A Satumbar 2014 an kashe mutum takwas na tawagar faɗakarwa a Wome, ƙasar Gini. Iyalai suna ɓoye gawa don kada a binne ta kamar shara. Sai da aka zauna da malaman addini aka sake tsarin jana'iza, aka shigar da taimama ga mamaci Musulmi da barin dangi su yi salla daga ɗan nesa, sannan aka fara samun haɗin kai.

Abin da abokina ya ce

Na karanta wa wani abokina ɗalibin likitanci wannan rubutu. Ya ce: "Kai dai ɗan lugga ne. Kwalara na kashe mutum cikin awoyi, kana so in tsaya zaɓen kalma?" Yana da gaskiya. Ma'aikacin da ya ɗaura wa gwaggo ruwa shi ya ceci ranta, ba ni da ƙamus ɗina ba. Akwai lokacin da dole hukuma ta rufe rijiya ko ta hana taro ba tare da jiran kowa ya yarda ba, domin haƙƙin mutum ɗaya bai kai ya jefa gari cikin haɗari ba. Amma maganarsa ita ce hujjata. Tunda ranar annoba ba lokaci, ai sai a yi aikin harshe kafin ranar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni ma akwai inda zan ja kunnen kaina. Tun Maris 2025 kundin sabunta ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi murna. Amma a gundumominmu akwai Fulani a rugage, akwai Buzaye. In muka fassara komai zuwa Hausa muka tsaya nan, mun yi musu abin da Faransanci ya yi wa gwaggo. Kuma ko Hausar ma, wacce? Ta littafin Kano, ko ta Gobir da ake ji a Tsibiri, ko ta Katsinawan Agye? Sannan yawancin iyayenmu mata ba sa karanta boko. Takarda ba za ta wadatar ba, sai murya.

Abin da za mu iya

Ba sai mun jira wani porje ba. Mu ɗaliban harshe da na likitanci, kowane hutu muna komawa gida. Mu zauna da ma'aikatan sa-kai na ƙauye, da ungozomomi, da limamai, da wanzamai, mu tattara kalmomi hamsin da aka fi buƙata lokacin annoba. Kowace kalma a faɗa wa tsofaffi biyar, a tambaye su abin da suka ji, wadda ta kawo tsoro ko kunya a sauya ta. A raba "gwajin gano cuta" da "gwajin sabon magani" rabuwa ta har abada. A naɗi bayanin neman yarda a murya, da Hausa da Fulatanci da Tamajak, yadda za a kunna shi a waya ko a gidan rediyon karkara. Duk mai neman yardar uwa ya bar ta ta maimaita abin da ta gane da bakinta, kuma ya faɗa mata a sarari cewa in ta ce a'a, za a yi wa ɗanta magani kamar kowa. Ƙa'idar wa za a fara ba in abu ya yi kaɗan, a tattauna ta da rani a majalisar ƙaramar hukuma, mata na ciki, baƙi na ciki.

Hutun da ya wuce na gwada da gwaggo. Na ce: "Gwaggo, da a ce ran nan likita ya ce miki kina da alamun cutar da ke yawo, za mu riƙe ki mu yi jinyarki kwana uku, da mi za ki ce?" Ta juya ƙosanta ta ce: "Da sai in ce Allah shi saka mishi. Ai abin da anka yi ke nan, faɗi ne ba a iya ba." Na rubuta wannan a shafin farko na kundin da nake tara kalmomin. Yanzu sun kai goma sha bakwai. Duk wanda zai je gida hutun nan, daga Gidan Rumji ko Agye ko Gazawa, ya neme ni bayan taronmu na mako in ba shi kwafi ya ƙaro nasa.